Daga Marisuwa zuwa allurar kowace shekara

Da zarar hunturu ya kama a Kano, tari da atishawa kan zama abokan aikin duk wanda ke shiga masana'antun Sharada, Challawa da Bompai. Hazo ya lulluɓe gari, ƙura ta haɗu da warin sinadaran jima da hayaƙin janareta, ga kuma ɗaruruwan mutane a ƙarƙashin rufin kwano ɗaya na tsawon sa'o'i takwas ko fiye. Akasarin abin da ke kama su mura ce ta yau da kullum, mai wucewa cikin 'yan kwanaki. Amma akwai wata mai tsanani da likitoci ke kira infuluwenza: zazzaɓi farat ɗaya, ciwon gaɓoɓi, kasalar da ke kwantar da ƙato mako guda, wani lokaci kuma ta gangara huhu ta zama ajali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a duk shekara.

Wannan cuta tana da allurar rigakafi, sai dai ta sha bamban da sauran allurai, domin sai an maimaita ta kowace shekara. A Najeriya ba ta cikin jadawalin rigakafin da gwamnati ke yi wa yara kyauta, saboda haka masu karɓarta kaɗan ne, kamar masu zuwa asibitocin kuɗi da maniyyata Hajji da Umara, waɗanda hukumomin Saudiyya ke ba shawarar su yi ta. Wanda ya yi ta sau biyu ko uku yakan fara tunanin ko maimaitawar na da illa, haka ma manajan da aka kawo wa tayin yi wa ma'aikatansa ita. Likitoci sun shafe kusan rabin ƙarni suna jayayya a kan wannan tambaya, kuma wani ɓangare na amsar da aka samu ya fito ne daga wuraren da aka tara mutane aka kuma rubuta abin da ya same su: barikin soja, makarantar kwana da masana'anta.

Shekarar Marisuwa

Ranar 14 ga Satumba 1918 wani jirgin ruwa mai suna Bida ya tsaya a Legas ɗauke da fasinjoji marasa lafiya daga ƙasar da ake kira Ghana a yau. Layin dogo, wanda ya iso Kano a 1911 yana kwasar gyaɗa zuwa kudu, shi ne ya ɗauko cutar zuwa arewa cikin 'yan makonni, a zamanin Sarki Abbas. Masanin tarihi Don Ohadike ya ƙiyasta cewa mutum kusan rabin miliyan ne suka rasu a Najeriya, daga cikin al'ummar da ba ta wuce miliyan 18 ba. Hausawa suka raɗa wa annobar suna Marisuwa, kuma tsofaffi sun daɗe suna lissafin shekarun haihuwa da ita.

A lokacin babu wanda ya san abin da ke haddasa ta. Sai a 1933 wasu masana uku a Landan, Wilson Smith, Christopher Andrewes da Patrick Laidlaw, suka ware ƙwayar cutar daga jikin ɗan Adam. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, rundunar sojan Amurka, wadda ba ta manta da ɓarnar da cutar ta yi mata a barikoki a 1918 ba, ta ɗora wa Thomas Francis alhakin samar da rigakafi. Cikin mataimakansa akwai Jonas Salk, wanda daga baya ya yi suna da allurar shan inna. An gwada allurar a kan sojoji, ta yi aiki, aka ba ta lasisi a 1945.

Shekara biyu kacal bayan haka, a 1947, allurar ta gaza. Da aka bincika, sai aka tarar ƙwayar cutar ta sauya kama, garkuwar da allurar ta gina ba ta gane ta ba. Daga nan aka fahimci cewa infuluwenza tana canza siffar fatarta kaɗan-kaɗan a kowace shekara, kuma kariyar allurar kanta tana raguwa cikin watanni. A 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa tsarin sa ido na ƙasa da ƙasa, wanda a yau yake zama sau biyu a shekara, a Fabrairu domin ƙasashen arewacin duniya da Satumba domin na kudanci, ya zaɓi nau'ukan da za a sa a allura. Haɗa allurar na ɗaukar kimanin wata shida, kuma akasarinta a cikin ƙwan kaji ake renon ƙwayar. Ke nan allurar kowace shekara hasashe ce, wata shekara a dace, wata shekara a kuskure. Najeriya ta kafa nata tsarin sa idon a 2008, bayan murar tsuntsaye da aka tabbatar da ɓullarta a gonar Sambawa ta Jaji a Fabrairu 2006 ta kuma bazu zuwa gonakin Kano, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na cikin cibiyoyin da ake ɗibar samfuri.

Illar da ke taɓa jiki

Kalmar illa a nan tana ɗauke da ma'ana biyu, kuma haɗa su wuri guda shi ke rikita muhawarar. Ta farko ita ce cutarwa ga jiki. Ta biyu ita ce raunin kariya, wato a yi allura amma ta kasa tsare mutum yadda ake zato.

A ɓangaren farko, abin da aka fi gani ƙarami ne. A wani gwaji da Kristin Nichol ta jagoranta a Minneapolis a tsakiyar shekarun 1990, an raba ma'aikata masu ƙoshin lafiya 849 gida biyu: wasu aka yi musu allurar gaske, wasu ta ruwan gishiri, ba tare da kowa ya san wadda aka yi masa ba. Kimanin kashi 64 cikin ɗari na masu allurar gaske sun yi kukan ciwon dantse, a kan kashi 24 na ɗaya ɓangaren. A zazzaɓi, kasala da ciwon kai kuwa, ba a ga bambanci ba. Ƙwayar da ke cikin allurar da ake tsirawa a dantse matacciya ce, ba ta iya haddasa murar, kuma binciken shekaru da dama bai nuna cewa waɗannan ƙananan illoli suna taruwa a jiki daga shekara zuwa shekara ba.

Manyan illoli kuwa sun faru, biyu daga cikinsu sun fi shahara, kuma ba a ɓoye suke ba. A Fabrairu 1976 wani kurtun soja ya mutu a barikin Fort Dix da ke jihar New Jersey, aka gano wani nau'in murar aladu a jikinsa. Tsoron dawowar annobar 1918 ya sa Shugaba Gerald Ford ya sanar a watan Maris cewa za a yi wa kowane Ba'amurke allura. An fara ranar 1 ga Oktoba, aka yi wa mutum sama da miliyan 40. Annobar ba ta zo ba. Abin da ya zo shi ne rahotannin wata larura mai suna Guillain-Barré, wadda garkuwar jiki ke afka wa jijiyoyi, rauni ya fara daga ƙafafu ya hau sama, wani lokaci har ya taɓa numfashi. An samu sama da mutum 500 cikin waɗanda aka yi wa allurar, wato ƙarin kimanin mutum ɗaya a cikin kowane 100,000. Ranar 16 ga Disamba aka dakatar da shirin.

Na biyu ya biyo bayan murar aladu ta 2009. Kimanin mutum miliyan 30 a Turai sun karɓi wata allura mai suna Pandemrix ta kamfanin GSK. A 2010 likitoci a Finland da Swidin suka lura da ƙaruwar wata larura a tsakanin yara, wadda ke sa barci ya kwashe mutum da rana tsaka ba shiri, kuma ba ta warkewa. A Finland an ƙiyasta yaro ɗaya cikin kimanin 16,000 da aka yi wa allurar. An daina amfani da ita.

Abin lura shi ne, duka biyun allurai ne na gaggawa da aka haɗa domin annoba guda, aka yi su sau ɗaya. Ba maimaitawa ce ta haifar da illarsu ba. Game da allurar shekara-shekara, an ci gaba da bin sawun Guillain-Barré tun 1976, kuma abin da aka samu bai wuce ƙarin mutum ɗaya ko biyu a cikin miliyan ba. Wani bincike a lardin Ontario na Kanada a 2013 ya kwatanta haɗarin biyu: kimanin mutum ɗaya cikin miliyan bayan allura, da kimanin 17 cikin miliyan bayan kamuwa da murar kanta.

Likitan makarantar kwana

Ma'ana ta biyu ita ce ta fi wahalar da masana. Tun 1960 Thomas Francis ya lura cewa garkuwar jiki ba ta manta nau'in murar da ta fara haɗuwa da shi a ƙuruciya. Duk lokacin da wani sabon nau'i mai kama da shi ya zo, sai ta fi karkata ga fito da tsohon makami. Karatun yaro, in ji masu iya magana, zane ne a kan dutse. Tambayar da ta biyo baya ita ce ko allurar bara za ta iya yin irin wannan tasiri a kan ta bana.

Wanda ya fara kawo hujja likita ne na wata makarantar kwana a kudancin Ingila mai suna Christ's Hospital. T. W. Hoskins ya riƙe kundin ɗaruruwan ɗalibai maza, wa aka yi wa allura, a wace shekara, wa ya kwanta, a tsawon ɓarkewar cutar sau uku, a 1972, 1974 da 1976. A 1979 shi da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Lancet cewa allurar ta kare yaran da suka karɓe ta karon farko, amma idan aka haɗa shekarun gaba ɗaya, masu maimaitawa ba su fi sauran tsira ba. Maganar ta girgiza likitoci. Wasu suka soki tsarin binciken, kuma wani gwaji na shekara biyar da Wendy Keitel ta gudanar a Houston daga 1983 zuwa 1988 bai ga raguwar da Hoskins ya gani ba.

A 1999 Derek Smith da abokansa suka kawo bayanin da ya sasanta ɓangarorin biyu. A cewarsu, sakamakon ya dogara ne ga tazarar da ke tsakanin abubuwa uku: allurar bara, allurar bana, da ƙwayar da ke yawo a gari. Idan allurar bana ta yi kama da ta bara ƙwarai, alhali ƙwayar ta yi nisa da su, sai garkuwar bara ta tare allurar bana kafin jiki ya koyi sabon darasi. Idan kuwa an sauya allurar sosai, matsalar ba ta tasowa. Shi ya sa wani bincike zai gani, wani kuma ba zai gani ba.

Hunturun 2014 zuwa 2015 ya zama zakaran gwajin dafi. An bar nau'in H3N2 na allurar yadda yake a shekarar da ta gabata, ita kuwa ƙwayar ta sauya. A Kanada, Danuta Skowronski da tawagarta sun tarar cewa waɗanda suka yi allurar a wannan shekara kaɗai sun samu kariyar kashi 53 cikin ɗari, masu maimaitawa kuwa ba su samu komai ba, har ma waɗanda suka jera shekara uku sun fi marasa allura zuwa asibiti da murar. Kafin nan, binciken shekaru takwas a garin Marshfield na Amurka ya nuna kariyar kashi 65 ga waɗanda ba su yi allura ba a shekaru biyar na baya, da kashi 24 ga masu yawan yi.

Da aka tattara bincike sama da 80 a 2023, ƙarƙashin wata tawaga a Melbourne, hoton ya ƙara fitowa. Wanda ya yi allura bara da bana yakan samu kariya ƙasa da ta wanda ya yi bana kaɗai, da ratar maki 9 a nau'in H1N1, maki 18 a H3N2, da maki 7 a nau'in B. Amma a dunƙule, ya fi wanda bai yi ko ɗaya ba, ya kuma fi wanda ya yi bara ya tsallake bana. Wani binciken a asibitocin Sifen a 2018 ya nuna cewa a tsakanin tsofaffi, masu maimaitawa ne suka fi tsira daga ɗakin kulawa ta musamman da kuma mutuwa. Ke nan Hoskins ya ga wani abu na gaskiya, sai dai bai kai girman da zai sa a daina ba.

Gwajin masana'anta

Ga mai masana'anta, tambayar tana da fuska ta uku, wato kuɗi. An gwada ta a kamfanin ƙera motoci na Ford da ke Dearborn a jihar Michigan, a hunturu biyu a jere, inda aka raba ma'aikata sama da dubu tsakanin allurar gaske da ta ruwan gishiri. A 1997 zuwa 1998 hasashen bai dace da ƙwayar da ta zo ba, kuma allurar ba ta rage rashin lafiya ko fashin aiki ba. A shekarar da ta biyo, hasashen ya dace: rashin lafiya ya ragu da kashi 34, zuwa wurin likita da kashi 42, kwanakin fashin aiki da kashi 32. Duk da haka, da aka yi lissafi, kuɗin allurar ya ɗara abin da aka tsimi.

Ma'anar wannan ga Bompai, wadda ta fi sauran daɗewa, da Sharada da Challawa, inda masana'antun da suka tsira daga matsin tattalin arzikin shekarun 1980 da ƙarancin wutar lantarki ke ƙirga kowace naira, a fili take. Ga matashi mai ƙoshin lafiya, amfanin allurar matsakaici ne, kuma yana hawa da sauka. Ga ma'aikaci mai asma, ciwon suga ko ciwon zuciya, ga mai juna biyu, ga dattijon da ya kusa ritaya, da ma'aikatan jinya da ke duba su, lissafin ya sha bamban, kuma su ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a sahun gaba.

Abin da Kano ta tuna

Babu yadda za a yi maganar allura a Kano a tsallake 1996. A tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa, a kan yara kimanin 200. Sha ɗaya suka rasu, biyar cikin waɗanda aka ba Trovan, shida cikin waɗanda aka ba maganin kwatance. Iyaye sun ce ba a bayyana musu cewa gwaji ne ba, kuma daga baya aka ba da rahoton cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a an rubuta ta ne bayan gwajin aka sa mata tsohon kwanan wata. Kamfanin ya musanta aikata laifi, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Trovan magani ne, ba rigakafi ba, sai dai wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

A 2003 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin cewa an gurɓata shi da abin hana haihuwa. Ba a dawo da shi ba sai a Yuli 2004, da maganin da aka sayo daga Indonesiya. A tsakanin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, ta kuma nakasa yaran da da sun tsira.

Abubuwan biyu sun yi tarayya a wuri guda: babu rubutaccen bayani da jama'a suka yarda da shi. A 1996 takardun da ya kamata su kare iyaye su ne suka zama abin tuhuma. A 2003 babu kundin da za a buɗe a nuna wa mutane abin da ya samu waɗanda aka ɗiga wa maganin shekara da shekaru. A Amurka kuwa an gano illar 1976 cikin makonni goma sha ɗaya, a Finland an gano ta Pandemrix cikin shekara guda, saboda akwai masu ƙirgawa.

Wa zai ƙirga?

Lissafi mai sauƙi zai nuna dalilin da ya sa ido kaɗai ba ya isa. Masana'anta mai ma'aikata 500 da ke yi wa kowa allura duk shekara za ta buƙaci kimanin shekara 2,000 kafin ta ga illar da ke samun mutum ɗaya cikin miliyan. Amma a cikin ma'aikata 500 da wuya hunturu ya wuce ba a samu wanda maleriya, hawan jini ko shanyewar ɓarin jiki ya kama ba, kuma idan hakan ya faɗo mako guda bayan allura, labari ya gama gari kafin la'asar. Abin da ke raba illar gaske da dacewar lokaci shi ne tara rahotanni daga wurare da yawa a kwatanta. Najeriya ta shiga shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na sa ido kan illolin magunguna a 2004, kuma NAFDAC tana da takardar da kowane ma'aikacin lafiya zai iya cikewa ya kai rahoto.

Akwai kuma haɗarin da ya fi kusa da Kano fiye da duk wanda aka ambata. Allurar tana buƙatar sanyin da ke tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma daskarewa na lalata ta kamar yadda zafi ke yi. A garin da wuta ke ɗaukewa sa'o'i da dama a rana, allurar da ta kwana a firji mara wuta za ta iya barin mutum da ciwon dantse kawai, babu kariya. Haka ma allurar da wa'adinta ya wuce, ko wadda aka yi bayan cutar ta riga ta shiga, tunda kariyar na ɗaukar kimanin mako biyu kafin ta kankama.

Saboda haka duk asibitin ma'aikata da zai shiga wannan harka yana da abin koyi a wurin likitan makarantar kwanan nan. Yardar ma'aikaci ta zama a rubuce, ba da barazanar kora ba. A rubuta ranar allura, lambar rukunin da aka ɗebo ta, ko haɗin arewa ce ko ta kudu, ko mutumin ya yi ta bara, abin da ya ji a makonni shida na farko, da kwanakin da ya yi fashin aiki a wannan hunturu. Haka kuma a rubuta na waɗanda suka ƙi yi, domin da su ake kwatantawa. Adadin mamatan Marisuwa ƙiyasi ne da wani masani ya haɗa shekaru da dama bayan an binne su. Asibitin wata masana'antar jima a Challawa da ya buɗe irin wannan kundi a Nuwamban bana, nan da shekara goma zai iya ba ma'aikatansa amsa da alƙaluman garinsu, abin da Kano ba ta samu ba a 1918, a 1996, ko a 2003.